Fariyar da Dangi Ke Biya

A ƙofar wani zauren biki a Kano, ranar dina, na ga an tsayar da wata dattijuwa. Ƙanwar uban amarya ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta zo cikin atamfarta wankakkiya gogaggiya, da mayafi wadatacce, tana ta ƙamshin turaren wuta. Samarin da aka ɗauko su tsare ƙofa suka ce an ba su umarni, duk wadda ba ta sa anko ba kada ta shiga.

Ta ce, "Yaro, amaryar 'yar yayana ce. Ni na yi mata wankan jego tare da uwarta."

Ya ce, "Ki yi haƙuri Mama, haka Hajiya ta ce."

Aka aika ciki. Can sai saƙon uwar amarya ya fito, wai a bar Gwaggo ta shiga, amma a sama mata kujera daga baya, saboda masu ɗaukar hoto. Dattijuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafinta, ta ce Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya, ta tari adaidaita sahu ta koma gida.

Wannan abu sunansa fariya, kuma kowa ya san ta: mutum ya baje abin da yake da shi, ko abin da yake so a zaci yana da shi, don a ce wance ta isa. Tsohuwar cuta ce. Sai dai mai fariya a da can, ita ke ɗaukar nauyin kayanta. In ta ga dama ta sayar da gonar gado ta sayi awarwaron zinariya, ta zo biki tana ɗaga hannu ba gaira ba dalili, mu yi mata dariya a bayan ido, asarar kuma tata ce ita kaɗai. Ta yanzu ta fi ta wayo. Ta gano yadda za ta yi fariyar dangi su biya kuɗin, kuma hanyar ita ce anko.

Kada a ɗauka gaba nake da ado. In na shiga Kantin Kwari ba na fitowa da wuri, ko da kuwa babu ko sisi a jakata. Ado gadonmu ne. Marinar Ƙofar Mata ta shekara ɗaruruwa ana tsoma zane a baba. Turkuɗin Kura mai baƙin sheƙi har cikin Sahara Buzaye ke nemansa su naɗa rawani. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, da ya iso Kano a 1851 ya yi dogon bayani kan saƙa da rini, da yadda tufafin birnin ke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Babbar riga mai aska takwas, mai ɗinki kan kwashe watanni yana bin ta da allura. A zamaninmu ma, Alphadi na Nijar ya ɗauki bikin nuna tufafi na FIMA ya kai shi tsakiyar hamada kusa da Agadas a 1998, duniya ta bi shi can ta sha kallo. Mutanen da ke da wannan tarihi ba za a koya musu son kaya mai kyau ba.

Anko kansa daga Yarbawa muka aro shi, kuma da farko aron ya yi amfani. Atamfa ɗaya ake fitarwa, mai sauƙin kuɗi, sau da yawa 'yar Kaduna, lokacin masaƙu na aiki. Matar attajiri da matar leburan kasuwa su shigo da zane iri guda, ba a gane wadda ta fi wata. Ya rufa wa marar hali asiri, ya hana mai hali taƙama. Bayan biki kuma zanen ya shiga cikin na sawa, a yi ta ɗaura shi har ya koɗe ya koma na goyo.

Yau kuwa fa? Biki ɗaya, anko uku ko huɗu. Na kamu daban, na sa lalle daban, na dina leshi ne mai duwatsu da ashoke na ɗaurin kai, ga daren Larabawa da ake son kowa ta zo da abaya kala ɗaya, ga na yini. Dangin uwa da nasu, dangin uba da nasu, ƙawayen amarya da nasu, ƙawayen uwar amarya su ma da nasu, kuma nasu ya fi na kowa tsada, don su ne za su zagaye Hajiya a tsakar fili. Ba a zuwa gida a faɗa miki kamar da. Hoton yadin za a jefa a zauren WhatsApp na dangi, a rubuta kuɗi da lambar asusu a ƙasa, a ƙara da cewa za a rufe karɓa ranar kaza. Kowa na ganin sunan wadda ta biya, kowa kuma na ganin wadda ta yi shiru.

Ga shi kayan ba namu ba ne. Masaƙun Kaduna sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, babbarsu UNTL ta rufe a 2007. Shaddar da muke kira gezna kamfanin Getzner ke saƙa ta a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya. Sufa Holan daga kamfanin Vlisco take, a Helmond. Leshi mai daraja daga Suwizalan da Ostiriya, kwaikwayonsa kuma daga Sin. Duk da kuɗin waje ake sayo su. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai, cikin Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Hajiya ta san duk wannan, don ita ma tana sayen shinkafa. Amma ta zauna ta zaɓi leshin da yadi biyar ɗinsa ya fi albashin wata na mijin ƙanwarta, ta ce shi kowa zai sa.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne ribar da ake ɗorawa. Ba sirri ba ne. Uwar biki ta sari yadi a farashin dila, ta sayar wa 'yan uwanta sama da farashin kanti, da rarar ta biya kuɗin zaure da mai kiɗa. A bakinta gudummawa ce. Gudummawar da muka sani kuwa mai bayarwa ke yanke ta daidai ƙarfinsa, ya ƙunsa a leda ko ambulan ya miƙa, a yi masa godiya. Wadda aka yanka wa mutum, aka sa mata wa'adi, aka kuma hana shi shiga in bai biya ba, haraji ce.

Kuɗin yadi kuma somin-taɓi ne. Sai ɗinki, kuma tela ya ga yadi mai tsada ba zai karɓi kuɗin ɗinkin atamfa ba. Sai takalmi da jaka masu shiga da kalar. Sai mai ɗaurin gwaggwaro, sai mai kwalliya da za ta manna gashin ido ta shafe fuska hawa-hawa, har uwa ta wuce 'yarta a bakin ƙofa ba ta gane ta ba.   Daga ina kuɗin ke fitowa? Wata ta roƙi uwar adashi a ba ta ɗauka kafin layinta. Wata ta kai ɗan kunnen lefenta wurin dillaliya. Wata ta hana maigida barci har sai ya ciwo bashi a wurin aiki, a yi mako ana gaba a ɗaki ɗaya kan bikin da ba na 'yarsu ba. 'Yan mata kuwa, waɗanda iyayensu ba su da shi, samari suke tura wa hoton ankon. Saurayin da ya biya leshin dina, me ake zaton zai nema a madadi? Hajiya ba ta taɓa tsayawa ta yi wannan lissafi ba.

Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara. Mun saba fassara shi a kan mai aron: zanen da ba don ke aka yanka ba, komai jansa da za ki yi sai wani wuri ya fito. Gaskiya ne, kuma ana ganinsa a kowane biki, a fuskar matar da ke rawa cikin leshin bashi tana tunanin ƙarshen wata. Amma ni a wurina karin maganar ya fi hawa kan uwar bikin kanta. Arzikin da take nuna wa dangin ango a daren nan na aro ne. Ta aro shi daga aljihun ƙannenta da matan 'yan uwanta, ta jera su cikin kala ɗaya kamar kujerun zaure, don hoto ya fito a ce dangin amarya masu hali ne. Katarar kuwa a buɗe take. Dangin ango ba baƙi ba ne a garin, sun san gidan kowa, sun san wadda mijinta ke tuƙa adaidaita. Bayan mako biyu amarya za ta fara zama da su, gaskiyar kowa ta fito.

Har salon ɗinkin ma na aro ne, kuma aron aro. Manyan gidajen ɗinki na Faris sau biyu a shekara suke baje kolin tufafinsu mafi tsada, a Janairu da Yuli, kuma cinikinsu ya dogara ne ga sa mutum ya ji kayan bara sun tsufa. Taurarin fim da mawaƙan da ake gani sanye da rigunan a wuraren karɓar kyauta, yawancinsu ara musu ake yi don talla, gari na wayewa a mayar wa kamfani. Hoton ya zagayo ta Instagram da TikTok, ya biya ta Legas, ya iso wayar amarya. Ita kuma ta kai wa tela ta ce irin wannan za a yi wa ƙawaye duka. Sai ka ga yarinya cikin rigar da aka sa wa ƙarafa ta matse ta, ba ta iya zama, ba ta iya cin abinci, numfashi ma da dabara, ga jela tana shara a ƙasa, ga jaka mai tambarin Gucci wadda kowa ya san daga Gwanzu aka yo odarta. Rigar ba za ta sake sawuwa ba. Ba ta zuwa suna, ba ta zuwa gaisuwa, kuma tunda an riga an ɗora hotonta, sake fita da ita abin kunya ne. Ta shiga ƙasan akwati ke nan. Macen da ke cikin zaurukan dangi da na tsofaffin ɗalibai da na unguwa, kafin shekara ta zagayo ta tara irinsu cikin akwati guda, alhali kuɗin makarantar yara na jiran ta.

Maza ma kada su yi murmushi. Abokan ango sun koyi darasin: gezna kala ɗaya, hula zanna iri ɗaya, wanda bai yi ba ya tsaya a gefe lokacin hoto.

Na san amsoshin, na sha jin su. "Ai sau ɗaya ake yi." Ke ce kike yi sau ɗaya, Hajiya, ita ƙanwar taki bikin kowa sai ta je. "Ai ba dole ba ne." In ba dole ba ne, me ƙarti ke yi a bakin ƙofa? Kuma ko babu mai tsaron ƙofa, akwai kallon da ake yi wa wadda ta zo da nata zanen, da habaicin da zai biyo baya, wai ba ta ƙaunar amarya, wai hassada ce ke cin ta. A garin da zumunci ke da nauyi irin namu, wannan kallon ya fi sammaci ƙarfi. "Kada a raina mu." To wa ya raina ki kamar ke da kika ga dangin mijinki, a yadda Allah ya yi su, ba su cancanci shiga hotonki ba?

Mu ji tsoron Allah. Bashi ba abin wasa ba ne a addininmu. An taɓa kawo gawa gaban Manzon Allah (SAW), da ya ji akwai bashi a kan mamacin kuma bai bar abin biya ba, sai ya ja baya ya ce sahabbai su sallace shi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sannan ya yi masa salla. Wannan fa wanda ya ci bashin ne. Ina ga wadda ta tura mata da dama cikinsa don daren rawa guda? Kuma a garin da aure ke gagarar talaka, har gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu a auren gata na Oktoban 2023, kowane biki irin na Hajiya ƙara wa auren tsada yake yi. 'Yar maƙwabta ta gani, ita ma ta ce ba za a kai ta ɗaki ba sai an yi mata haka.

Mai kuɗi ta sa abin da take so, halalinta ne. Ta sa wa 'yarta leshin Suwizalan, ta yi mata dilka da halawa, ta turare ta da humra, mu zo mu yi guɗa. In kuma lallai tana son ganin dangi cikin kala ɗaya, hanyoyi a buɗe suke. Ta saya ta raba musu kyauta, kamar yadda wasu masu hali na ƙwarai ke yi ba tare da an ji ba. Ko ta fitar da atamfa ɗaya tak wadda mafi ƙarancin ƙarfi a dangi za ta iya saya, a farashin da aka saro ta. Ko ta faɗi kala kawai, kowa ta buɗe akwatinta.

Ke kuma 'yar uwa da aka turo wa hoton yadi da lambar asusu, in ba ki da hali kada ki taɓa adashinki. Ki kira uwar biki ki yi mata Allah sanya alheri, ki gaya mata ba za ki samu yin anko ba. Ranar yini ki ɗauko zanenki mafi kyau ki goge, ki riƙe gudummawarki daidai ƙarfinki, ki je. In an tare ki a ƙofa ki juya gida, kin sauke haƙƙin zumunci.