Tikitin Yawon Turai da Sallar Matafiyi

Jirgin ƙasa bai taɓa isa Maruwa ba. Layin dogon Kamaru ya tsaya a Ngawundare tun 1974, shi ya sa mai zuwa Yawunde yake hawa bas ya ratsa Garwa, ya haura tudun Adamawa, sannan ya sayi tikitin Camrail na jirgin dare. Wanda ya saba da hanyar ya san yadda sallarsa take. Yakan haɗa Magariba da Isha a tasha kafin jirgi ya tashi, Isha raka'a biyu. Asuba kuwa cikin tarago take riskarsa, buta a hannu, darduma a kafaɗa, fasinjoji suna tambayar juna ina alƙibla. Babu mai shakkar cewa shi matafiyi ne, tunda dogon kaɗai ya haura kilomita 600.

Inda magana take ɗaurewa shi ne idan Allah ya kai wannan mutum Turai. Can akwai tikitin Eurail, wanda aka fara sayar wa baƙi a 1959, yau kuma yana aiki a ƙasashe 33. Mutum ya biya sau ɗaya, misali kwana bakwai na tafiya cikin wata guda, ya hau jiragen da ya ga dama. Masu sanin hanya suna cewa a ajiye kwanakin tikitin don doguwar tafiya mai tsada, gajera a biya daga aljihu, kuma a tuna jirgin TGV na Faransa sai an ƙara kuɗin kujera. Wannan tattali ne mai kyau, addini ma ya hana ɓarnar dukiya.

Amma tikitin yana da wani ja. Sai ka ga mutum yau Faris, gobe Milan, jibi Balin, ba shi da kowa a can, ba shi da abin yi, burinsa dai ya fanshe kuɗinsa.

A mazhabar Malikiyya, wadda mutanen arewacin Kamaru suke bi, kasaru tana farawa daga barid huɗu, kusan kilomita 80, kuma niyyar zaman kwana huɗu a gari tana yanke ta. Ke nan mai wannan tikiti zai iya shafe wata guda yana raka'a biyu, tunda bai zauna ko'ina ba. Sai dai Muhtasar na Halil, da ake karantawa a zaurukanmu, ya fitar da mutum biyu daga sunnar kasaru: mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa. Malamai sun auna nisa, sun kuma tambayi dalilin fita.

Wanda ya je duba ɗansa da ke karatu, ko sarin kaya, ko ganin masallacin Ƙurɗuba don ya ɗauki izina, tafiyarsa tafiya ce, rangwamen Allah nasa ne. Wanda ya hau jirgi kawai don kada tikiti ya tafi a banza, kuɗin sun riga sun fita tun ranar saye, yanzu kwanakinsa yake ƙarawa a kai, har da rabin sallarsa. Mai shirin irin wannan tafiya daga Maruwa ko Garwa ya rubuta garuruwan da zai je da abin da zai kai shi kowanne, ya nuna wa malaminsa kafin ya biya kuɗin tikiti.