Suna Rigar Aro

A ƙasashen da ake magana da Sifaniyanci, in ka tsaya a bakin kasuwa ka ƙwala kiran "Pablo", ba mutum ɗaya ne zai waiwayo ba. Suna ne gama-gari, kamar Musa ko Audu a wurinmu. Shi ne wanda Kiristocin ƙasar Hausa suke kira Bulus, asalinsa daga harshen Latin, ma'anarsa kuwa "ƙarami". Ikon Allah, a ƙarnin da ya wuce sai wannan suna mai ma'anar ƙanƙanta ya faɗa kan wasu mutane da amonsu ya cika duniya. Uku daga cikinsu ajali ya ɗauke su a shekara guda, 1973, cikin abin da bai kai wata bakwai ba. Na huɗun ya bi su bayan shekara 20. Labarinsu ya isa wa'azi ga duk wanda aka taɓa yanka wa ragon suna.

Wanda ya fara tafiya shi ne Pablo Picasso, mai zane, haifaffen birnin Malaga na Sifaniya a 1881. Tun yana yaro ya fara koyon sana'ar a hannun mahaifinsa, bai ajiye ta ba har tsufa ya cim masa. A 1937, lokacin yaƙin basasar Sifaniya, jiragen Jamus da ke taya Janar Franco yaƙi suka yi wa garin Guernica ruwan bama-bamai. Picasso ya zana wannan ta'asa a wani ƙaton zane da ya sa wa sunan garin, ya kuma gindaya sharaɗi cewa ba za a kai zanen Sifaniya ba sai 'yanci ya dawo ƙasar. Shi kansa ya yi zamansa a Faransa yana jira. Ranar 8 ga Afrilu 1973 ya rasu a garin Mougins yana da shekara 91, Franco na nan daram a kan mulki. Ya bar dukiya mai yawa da zane-zane dubun dubata, amma bai bar wasiyya ba. Magada suka kwashe shekaru suna ta fama da rabon gado, gwamnatin Faransa kuma ta karɓi wani kaso na ayyukan a madadin harajin gado, da su aka buɗe gidan tarihin Picasso a Paris a 1985. Zanen Guernica ya isa Sifaniya a 1981, mai shi yana da shekara takwas a ƙasa.

Takwaransa Pablo Casals ya ma fi shi daɗewa. Makaɗin celo ne, wani babban gogen Turawa da ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. An haife shi a El Vendrell cikin yankin Kataloniya a 1876. Don ka san tsawon zamanin da ya gani, ya yi wa Sarauniya Victoria ta Ingila kiɗa a 1899, ya kuma yi wa Shugaba Kennedy na Amurka a 1961. Da Franco ya ci yaƙi a 1939, Casals ya yi gudun hijira, ya yi alwashin ba zai koma zaman ƙasarsa ba muddin mutumin na mulki. Ya zauna a Prades, wani ƙaramin gari a Faransa da ke dab da iyakar Sifaniya, daga baya ya koma tsibirin Puerto Rico, mahaifar uwarsa. A can rai ya yi halinsa ranar 22 ga Oktoba 1973, yana da shekara 96. Franco ya mutu a watan Nuwamba 1975. Shekara biyu kacal suka rage, amma ba a ƙara wa Casals ko kwana ɗaya ba. Gawarsa ce ta koma gida a 1979, aka binne shi a garin da aka haife shi.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Mun saba cewa rayuwa gajeriya ce in muka ga an ɗauki gawar matashi. To ga mai shekara 91, ga mai 96, kowannensu ya tafi da abin da yake jira bai zo ba. Ashe ko an ba ka shekara ɗari, buri zai fi ta tsawo.

Na ukun, Pablo Neruda, sha'irin ƙasar Chile, shi sunan ma aro ya yi a zahiri. Sunansa na yanka Ricardo Neftalí Reyes. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ba ya son ɗansa ya zama marubucin waƙa, sai yaron ya ɓuya a bayan wani suna, har sunan aron ya danne na yankan. Ya zama sanata, ya yi gudun hijira ta tsaunukan Andes a kan doki, ya dawo, ya zama jakadan ƙasarsa a Faransa, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1971. Wanda ya gan shi a lokacin zai ce ya gama samun duniya. Shekara biyu bayan haka, ranar 11 ga Satumba 1973, sojoji ƙarƙashin Janar Pinochet suka kifar da gwamnatin aminin Neruda, Salvador Allende, Allende ya mutu a fadarsa. Neruda na kwance da ciwon daji. Kwana 12 bayan juyin mulkin ya cika, yana da shekara 69. An farfasa gidansa na Santiago, a cikin taɓo da fasassun gilasai aka ajiye gawarsa mutane suka zo ta'aziyya. Kabarin ma bai huta ba: a 2013 aka tono shi don binciken zargin cewa guba aka ba shi. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Sai na huɗu, wanda ya sa rigar sunan nan ya ɓata ta da jini. Pablo Escobar na Kolombiya ya tara dukiya da safarar hodar ibilis, har mujallar Forbes ta riƙa lissafa shi cikin manyan attajiran duniya tun daga 1987. Ya gina wa talakawan birnin Medellín gidaje, ya kuma sa an kashe alƙalai da 'yan sanda da 'yan jarida. A 1989 mutanensa suka tarwatsa jirgin fasinja a sararin sama, duk mutum 107 da ke ciki suka mutu. Ƙarfinsa ya kai da zai miƙa wuya a 1991, shi ya gina wa kansa gidan yarin da ya ga dama, da zaman ya ishe shi ya tsere. Ranar 2 ga Disamba 1993, washegarin cikarsa shekara 44, aka harbe shi a kan rufin wani gida yana gudu ba ko takalmi. Dorinai huɗu da ya shigo da su gandunsa don alfahari sun hayayyafa sun wuce ɗari, sun zame wa hukuma ala-ƙaƙai a kogin Magdalena. Ɗansa na cikinsa, wanda shi ma akwai Pablo a sunansa, sai da ya canza suna ya bar ƙasar.

Suna ɗaya, ga mai zane, ga makaɗi, ga sha'iri, ga ɗan ta'adda. Sunan bai ƙara wa kowa cikinsu komai ba, bai kuma rage ba. Su suka zuba masa abin da yake ɗauke da shi, shi ya sa in aka ce Pablo Casals ka ji wani abu daban a ranka, in aka ce Pablo Escobar ka ji wani. Hisabin kowannensu yana wurin Ubangijinsa, ba namu ba ne. Namu shi ne mu lura cewa bayan waɗannan huɗu akwai Pablo bila adadin, manoma da direbobi da masunta, da ba wanda ya rubuta ranar mutuwarsu a jarida, kuma ta ƙofar da mashahuran suka fita su ma suka fita. Mutuwa rigar kowa.

Mu ma haka abin yake. Ranar suna aka taru aka raɗa maka sunan wani da ya riga ka, kakanka ko wani malami ko wani bawan Allah da mahaifinka yake ganin girmansa. Ka sa rigar, ka yi ta yawo da ita, har ka manta ta aro ce, ana buga ta a kati, ana rubuta ta a jikin shago, ana ƙara mata Alhaji da Dakta da Injiniya. Ranar da aka ce babu kai, tun kafin a fita da kai daga gida za a tuɓe maka ita. Za ka ji ana cewa a gyara gawa, a fito da gawa. In an jera sahu, tambayar da na baya za su yi ita ce namiji ne ko mace. Ba da jimawa ba a yi haihuwa a gidan, a mayar da sunanka, a riƙa kiran jaririn Abba ko Ummi saboda kara. Rigar ta koma wuyan wani ke nan.

Abin da zai bi ka shi ne abin da ka aikata kana sanye da ita: bashin da ka biya ko ka danne, zumuncin da ka sada ko ka yanke, marayan da ka share wa hawaye ko ka sa shi kuka. In akwai wasiyyar da ba ka rubuta ba, attajirin mai zane ma ya sami shekara 91 bai rubuta ba. In kana jiran wani abu ya gyaru kafin ka nemi gafarar ɗan'uwanka, ka tuna dattijon da ya jira shekara 34 a ƙasar mutane, aka kai shi gida cikin akwati.

Allah ya sa ranar da za a mayar da sunanmu, iyayen yaron su yi haka da farin ciki. Allah ya sa mu cika da kyau da imani.