Ina Ninkin Zafin Ya Shiga?

Idan aka ce zafin jiya digiri 20 ne a ma'aunin Celsius, na yau kuwa 40, nan da nan mutum zai ce zafi ya ninka. Amma a ma'aunin Fahrenheit da ake aiki da shi a Amurka, ranakun nan biyu 68 ne da 104, kuma 104 bai kai ninkin 68 ba. Iskar da aka auna ba ta canza ba. Ashe ninkin yana jikin ma'auni ne tun farko. Lambobi biyu kacal suka raba ma'aunan: a ninka da 1.8, a ƙara 32. Ta farko tana miƙa ma'auni, ta biyu tana gusar da mafarinsa. A ganina, abin da ya cancanci a jingina wa duniya shi ne wanda ya tsira bayan an miƙa an kuma gusar. Duk abin da ya ɓace a hanya, na mai awo ne.

Wani zai ce, to ai ke nan komai yarjejeniya ce, babu gaskiya a cikin lamba. Yana da hujja, domin a 1742 Anders Celsius kansa sifiri ya bai wa tafasar ruwa, 100 kuma ga daskarewarsa, sai daga baya aka juya. Har "sama" da "ƙasa" ma zaɓi ne. Sai dai tazarar 20 zuwa 40 ninkin tazarar 20 zuwa 30 ce, kuma a Fahrenheit ma haka take, 36 da 18. A juya ma'aunin a kife shi, wannan ba ya motsi, kuma ba wani ne ya zaɓe shi ba.

Suka mafi ƙarfi daga ɗaya ɓangaren take: ba kowane sifiri ne na ɗan Adam ba. A 1848 William Thomson, wanda ya zama Lord Kelvin, ya kawo ma'aunin da ke farawa daga sanyin da babu na ƙasa da shi, digiri 273.15 ƙasa da daskarewar ruwa. Na yarda, a nan halitta ta ƙwace mana ikon gusarwa. Amma ba ta rushe ƙa'idar ba, ta dai ƙara yawan abin da ke tsira. Girman digiri har yanzu namu ne, sai dai yanzu kalmar "ninki" ta samu ma'ana. A ma'aunin Kelvin, jiya 293, yau 313: ƙarin bai kai kashi 7 cikin ɗari ba.