Shin Riƙon Aure Shaida Ne a Kan Halin Mutum?

Idan dattijo ya rasu, cikin abubuwan da muke fara ambata a wurin ta'aziyya akwai yadda ya zauna da iyalinsa. Mukan ce ya shekara kaza da matarsa ba a taɓa jin kansu ba, kuma da wannan muke nufin mutumin kirki ne. Rayuwar Edward Teller ta isa ta sa mu sake duba wannan ma'auni.

An haifi Teller a Budapest, babban birnin Hangari, a 1908, cikin gidan Yahudawa. Ya bar ƙasar a 1926 zuwa Jamus neman ilimi, ya rasa ƙafarsa ta dama a hatsarin taragon cikin gari a Munich, ya kuma kammala digirin digirgir a Leipzig a 1930. Da Hitler ya hau mulki a 1933 sai zaman Jamus ya gagare shi. A Fabrairun 1934 ya auri Augusta Harkányi, wadda ake kira Mici, 'yar'uwar abokinsa na ƙuruciya. A 1935 suka yi ƙaura zuwa Amurka. Ita ta rasu a 2000, bayan shekara 66 suna tare, shi kuma ya bi ta a 2003 yana da shekara 95.

Wannan zama abin girmamawa ne. Ga baƙo, abokin aure shi ne ragowar ƙasarsa: shi ke jin harshensa, shi ya san titunan da aka bari da mutanen da ba za a sake gani ba. A 1944 kaɗai an kwashe Yahudawan Hangari fiye da 400,000 zuwa sansanonin Nazi. Waɗanda suka tsira daga irin wannan, suka riƙe juna har tsufa, sun yi abin da ba kowa ke iyawa ba. Mici ta bi mijinta har Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko, ta kuma yi aiki cikin masu lissafi a can.

Sai dai wannan miji mai amana shi ne duniya ke kira uban bam ɗin haidurojin. Gwajin farko, ranar 1 ga Nuwamba 1952 a Enewetak, ya ninka bam ɗin Hiroshima kusan sau 700, ya shafe tsibirin Elugelab daga doron ƙasa. A 1954 kuma Teller ya ba da shaidar da ta taimaka wajen janye wa Robert Oppenheimer, tsohon shugabansa, izinin sanin sirrin gwamnati. Abokan aikinsa da yawa sun ƙaurace masa saboda haka. A 2022 gwamnatin Amurka da kanta ta soke wancan hukunci.

Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi na warware wannan, kuma duka ba su gamsar da mu ba. Ta farko ita ce a ce tunda ya riƙe matarsa, ai zuciyarsa fara ce, sauran duk siyasa ce. Ta biyu ita ce a ce wanda ya ƙera irin wannan makami bai san so ba, aurensa rufa-ido ne. Dukansu sun ɗauka cewa hali abu ɗaya ne dunƙule, wanda idan an ga gefensa an ga dukkansa.

A ganinmu, amanar gida da adalcin waje hakkoki ne biyu, kowanne da masu bin bashinsa. Mace tana iya shaidar yadda mijinta ya riƙe ta, kuma shaidarta gaskiya ce, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ba ta da ikon yafe abin da aka yi wa Oppenheimer, ko wa mutanen Enewetak da aka tayar daga tsibiransu tun kafin a fara gwaje-gwaje a can.

Har ma yana yiwuwa tushen abubuwan biyu ɗaya ne. Teller ya ga mulkin kwaminis na Béla Kun a 1919 yana yaro, ya ga na Nazi yana saurayi. Ya yi imani cewa idan Amurka ba ta riga Tarayyar Sobiyet ba, abin da ya gudo wa zai cim masa. Mutumin da ya rasa ƙasa yakan ƙanƙame abin da ya rage masa, kuma tsoron da ke sa shi kare nasa yana iya rufe masa ido ga na wasu. Masu goyon bayansa sun ce makamin ya hana yaƙin duniya na uku, kuma wannan muhawara ba ta ƙare ba.

Saboda haka, idan muka yabi mamaci da riƙon aure, mu yabe shi da shi tsakani da Allah, mu tsaya a nan. Sauran shaidar tana bakin maƙwabta, abokan aiki, da waɗanda aikinsa ya taɓa ba tare da sun taɓa ganin fuskarsa ba. Su ma sai an saurare su kafin a ce wane mutumin kirki ne.