Idan Ceto Ya Zama Sana'a

A cikin littattafan zane na ƙasar Japan da ake kira manga, waɗanda samarinmu suke karantawa a wayoyinsu, akwai wani mai suna My Hero Academia na Kohei Horikoshi. Ya fara fitowa a mujallar Weekly Shonen Jump a shekarar 2014, ya kammala a 2024 cikin juzu'i 42. A duniyar littafin, kimanin kashi 80 cikin ɗari na mutane ana haifarsu da wata baiwa ta ban mamaki, har jarumta ta zama sana'a mai makaranta da jarrabawa da lasisi da albashi. Faɗace-faɗacen cikinsa sun daɗe da dushewa a zuciyata. Abin da ya zauna mini tambaya ce guda: idan al'umma ta keɓe wasu ta ɗora musu aikin ceto, shin nauyin ya sauka daga kan saura ke nan?

Tun babin farko marubucin ya dasa wannan tambaya. Wani mugu ya kama yaro a tsakiyar gari, jarumai masu lasisi suka tsaya cirko-cirko, kowanne yana cewa baiwarsa ba ta dace da wannan aikin ba, sai a jira wanda ya dace. Wanda ya ruga shi ne Izuku Midoriya, yaron da aka haifa ba shi da baiwar komai. Amma inda labarin ya fi yi mini nauyi shi ne tarihin Tomura Shigaraki, babban abokin gaban jaruman. Yana ɗan shekara biyar baiwarsa ta ɓalle ta hallaka danginsa, ya shiga gari yana gararamba shi kaɗai. Kowa ya gan shi, kowa ya wuce. Wata tsohuwa ta matso kusa da shi, da ta dubi fuskarsa sai ta ja da baya, ta bar shi da zaton wani jarumi ko ɗan sanda zai zo. Hannun da ya miƙo masa a ƙarshe na azzalumi ne, shi ya raine shi ya mai da shi annoba. Babu wanda ya mare shi a kan titin nan. Jira kawai suka yi, jiran kuwa ya ci ƙasa guda.

Duk wanda ya zauna a gaban malamin zaure a cikin birnin Kano ya san wannan mas'ala, ko da bai taɓa ganin manga ba. Malamai sun karantar da mu farillar kifaya, kamar sallar jana'iza: idan wasu suka yi, ta faɗi a kan saura, idan babu wanda ya yi, laifin ya hau kan kowa. Na lura rabin farko ya fi zama a bakinmu, domin shi ne mai sauƙi. Alhali nauyin ba ya sauka don an naɗa mai yi, sai an yi ɗin. Naɗa jarumi alkawari ne kawai, kuma alkawari bai taɓa fitar da kowa daga rijiya ba.

Tsarin birninmu ma yana koyar da haka. Lungunan Yakasai da Mandawari da na kewayen Kasuwar Kurmi an tsara su ne tun kafin a san mota. Idan gobara ta tashi a irin waɗannan lunguna, motar 'yan kwana-kwana iyakarta bakin titi, kafin ta iso kuwa bokitin maƙwabci shi ne ceto. Wannan ƙuncin hanya, da muke yawan kuka da shi, shi ya hana mu sakin aikin gayya gaba ɗaya. Amma a fita babban titi a ga hatsari: sau da yawa wayoyi sun riga hannaye ɗagawa.

Ba zan yi wa mai tsayawa rashin adalci ba, yana da hujja. Mutane sun daɗe suna tsoron ɗaukar wanda ya ji rauni, kada taimako ya koma tuhuma a ofishin 'yan sanda, har sai da aka yi dokar 2017 da ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Haka nan lasisin da ke cikin littafin yana da hikimarsa. Mun san abin da kan biyo bayan ihun "ɓarawo!" a kasuwa, inda kowa ke zama alƙali da ɗan sanda a lokaci guda, wani lokacin a kan wanda bai ji ba bai gani ba. A nan nake ganin iyaka. Hukunci na hukuma ne, dole a jira ta. Tambayar yaro ina gidanku, ko ba shi ruwa, ko kai shi wurin mai unguwa, ba ya buƙatar izinin kowa. Abin takaici, mun juya lamarin: muna gaggawa a inda ya kamata mu jira, muna jira a inda ya kamata mu gaggauta.

Shi ya sa ba na iya karanta labarin Shigaraki ban tuna da almajirin da ke rakuɓe a gindin ganuwa cikin hunturu ba, ƙafa duk faso. Kowa yana da wanda yake jira a kansa: gwamnati, ko malaminsa, ko uban da ya turo shi, ko wata ƙungiya. Dukkansu suna da alhaki, ban musa ba. Sai dai babu ko ɗayansu a wurin a wannan safiya, mai wucewa ne kaɗai yake nan.

Horikoshi bai manta da tsohuwar nan ba. Bayan an gama yaƙi, gari ya zama kufai, ya sake fito da wani yaro yana yawo a titi cikin irin wancan hali, baiwarsa tana shirin ɓallewa. Tsohuwar dai ce ta gan shi. Ba ta da lasisi, ba ta taɓa shiga makarantar jarumai ba, ta matsa ta kama hannunsa.