Fuwaisiƙa da Masu Tsargiya

Duk wanda ya taɓa ajiye dawa a ƙauyukan Managil, ya wayi gari ya tarar da buhu a huje, ba ya bukatar malami ya gaya masa hukuncin ɓera. Ga shi kuma hadisi ingantacce ya lissafta shi cikin halittu biyar da aka halatta kashewa ko da a cikin Harami ne, tare da kunama da shirwa da hankaka da kare mai cizo, har aka yi masa laƙabi da fuwaisiƙa. Wasu masu tafsiri ma sun ruwaito cewa shi ne ya haƙe madatsar Ma'aribu, kuma mai shan ruwan madatsar Sinnar ba zai ji wannan ƙissa da kunnen wasa ba.

Amma mas'alar da ta hana ni sakat daban ce. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, aka kuma miƙa magudanai zuwa Managil a ƙarshen shekarun 1950, ruwan da ya raya auduga shi ya raya dodon koɗi, shi kuwa ya goya tsutsar tsargiya, wadda ke huda fatar mai ban ruwa da ta yaro mai wanka, ta sauka a jijiyoyin ciki, ƙwayayenta su taru a hanta har ta lalace. Jama'armu mazauna unguwannin leburorin gona da ake kira kambo, masu wuni cikin ƙananan magudanan da ake kira Abu Ishirin, suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗanawa. Maganin tsargiya, firazikwantel, wanda aka samo a Jamus a shekarun 1970, bai iso hannun likita ba sai da ya ratsa jikin ɓeraye, domin a irin wannan gwaji da gangan ake sa musu tsutsar, a jira ta girma, a ba su magani, sa'an nan a kashe su a ƙidaya tsutsotsin da suka rage.

To, da wace hujja? Wanda ya ce ai fasiƙi ne, jininsa halal, a ganina ya yi ƙiyasi a kan abin da bai yi kama ba, saboda izinin kisan nan don tunkuɗe ɓarna aka ba da shi, alhali ɓeran da aka haifa a keji bai huda buhun kowa ba. Kuma Shari'ar da ta ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ta kuma umarci mahauci ya wasa wuƙarsa, ba za ta mai da azabtarwa abin banza ba. Ƙofa ɗaya ta rage, ita ce larura, wadda fuƙaha'u suka ce gwargwadonta ake ɗiba: kada a cutar da goma inda biyar za su wadatar, kada a bar dabba cikin raɗaɗin da ake iya gusarwa. Turawa biyu a Ingila, Russell da Burch, sun kai ga kusan wannan a 1959.

Sai dai larurar da aka kafa hujja da ita ta yaron kambo ce, mai kumburarren ciki. Ina karɓar hujjar a ranar da ƙwayar maganin ta shiga bakinsa. Muddin tana ajiye a kanti a birnin Wad Madani, shi kuma yana komawa cikin ruwan nan kowace safiya domin babu famfo a unguwarsu, zuciyata ba ta natsu da ita ba.