Bayan Sadakar Arba'in

Idan aka ce jarumi, mu Hausawa hankalinmu kan tafi ga wanda ya ja daga ya ƙi gudu. Shi ake yi wa kirari, shi makaɗa ke wasawa, kuma ba mu da ja a kan haka. Amma idan ya faɗi a fagen fama, wadda ta zauna da matar da ya bari fa, wane suna za mu ba ta?

Ranar 26 ga Satumba, 1992, jirgin sojan sama ƙirar C-130 ya faɗi a Ejigbo jim kaɗan da tashinsa daga Legas. Fiye da mutum 150 suka rasu, akasarinsu hafsoshi masu kwas a Jaji. Manya sun yi jawabi, an yi alkawura, amma shekaru bayan haka matan mamatan na ta kokawa a jaridu kan abin da ba a cika ba. An sami irin waɗannan mata lokacin ECOMOG a Laberiya da Saliyo, an kuma samu bayan harin Metele a Borno a 2018.

To, mu yi ɗan lissafi. A al'adarmu akan yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, daga nan kowa ya kama gabansa. Takaba kuwa wata huɗu ce da kwana goma, wato wajen kwana 130. Ke nan saura kwana 90 da gida zai yi tsit. A cikinsu ne ake fara zancen takardun haƙƙin mamaci, da 'yan uwan miji masu zuba ido kan abin da zai fito, da ranar barin ɗakin bariki, tunda na hukuma ne.

A wannan tsakani mai shigowa sau da yawa maƙwabciya ce. Ita ke kawo tuwo, ta kai yara makaranta, ta saurari labarin da ta riga ta ji sau goma ba tare da ta ce "ki yi haƙuri" don ta rufe bakin mai magana ba.

Wani zai ce ai wannan kirki ne kawai, tunda babu harsashi a ciki. Maganarsa abar dubawa ce, don bai kamata mu riƙa raba sunan jarumi kamar goron suna ba. Sai dai mu tuna wace ce maƙwabciyar. Matar soja ce ita ma, mijinta na can inda aka kashe na waccan. Duk sanda ta ɗaga labulen ɗakin, abin da ke hana ta barci take gani ido da ido. Da ta ga dama sai ta aiko yaro da kwano ta huta, ba mai zarginta. Amma ta shiga, gobe ta sake shiga, ba umurnin kwamanda, ba albashi, ba lambar yabo. In dai jarumi shi ne mai jin tsoro ya ƙi ja da baya, mun kasa gano inda ta gaza.

Mu marubuta ma da laifinmu. A littattafanmu mukan kashe soja a babi na tara, a na goma mu ɗaura wa matarsa aure da wani alhaji. Kwanakin nan 90 da layi ɗaya muke tsallake su, maƙwabciyar kuwa ko suna ba mu ba ta.